Soya Sos a Tukunyar 'Yan Filifin: Yadda Suke Dafa Nama da Kifi da Irin Waken da Ake Nomawa a Faskari

A ƙasar Filifin da wuya a shiga ɗakin girki a rasa kwalbar wani baƙin ruwa mai gishiri da suke kira toyo, wanda a shagunan Najeriya aka fi sani da soya sos. Da shi suke jiƙa nama, da shi suke dafa kifi, shi ne kuma abin dangwale a gefen faranti. Tushensa waken suya ne, wato waken da manoman Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ke shukawa tare da masara da dawa da auduga, su kai buhunansa kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Funtuwa. A kudancin Katsina an fi sarrafa abin da ya rage a gida zuwa awara, ko madarar waken, ko daddawa. A gabashin Asiya kuwa an mayar da shi ruwan ɗanɗano tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Sinawa ne suka fara haɗa soya sos, kuma fatakensu ne suka kai shi tsibiran Filifin, waɗanda yawansu ya haura 7,000. Ana dafa waken har ya yi laushi, a haɗa shi da gasasshiyar alkama da aka ɓarza, a barbaɗa wani irin ƙwayar funfuna mai amfani, a bar shi kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi. Daga nan a juye shi cikin ruwan gishiri mai ƙarfi, a rufe, ya yi watanni yana nuna a hankali, sannan a matse, a tace, a tafasa. Akwai kuma na gaggawa, wanda masana'antu ke narkar da waken da sinadari cikin 'yan kwanaki su ƙara masa launi. Ya fi araha, amma bai kai na asali ƙamshi ba.

Duk matar da ta taɓa yin daddawa ta san rabin wannan aiki. Ita ma dafa kalwa take yi, ko waken suya, ta cire ɓawo, ta lulluɓe a ajiye kamar kwana uku har warin nan da aka sani ya tashi, sannan a daka a shanya. A duka biyun, ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar, su fitar da wani sinadari mai suna gulutamet, wanda shi ne ke ba miya armashi. Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano wannan sinadari a matsayin tushen ɗanɗanon a 1908, kuma daga bincikensa aka samo farin magi da ake sayarwa a kowace kasuwa. Babban bambancin shi ne daddawa aikin bakteriya ce kuma busasshiya take fitowa, soya sos kuwa aikin funfuna ne, ruwa ne, kuma gishirinsa a jikinsa yake.

Girkin da ya fi kowanne suna a Filifin shi ne adobo. Tun kafin Sifaniyawa su kafa mulkinsu a tsibiran a 1565, mutanen wurin suna dafa nama da kifi cikin khal, wato binega, da gishiri, domin ƙasa ce mai zafi da laima inda abinci ke saurin lalacewa. Sifaniyawa ne suka laƙaba wa girkin sunan da ake kiransa da shi yau, kuma ya fito a ƙamus ɗin harshen Tagalog da wani limamin coci, Pedro de San Buenaventura, ya wallafa a 1613. Daga baya soya sos ya maye gurbin gishiri a yawancin gidaje, ko da yake har yanzu akwai masu yin farin adobo da gishiri zalla. Khal ɗinsu na gida ne: wani daga rake, wani daga ruwan bishiyar kwakwa, wani daga wata bishiya dangin kwakwa da ke fitowa a bakin teku.

Kayan haɗin ba su da yawa. Ga kaza mai nauyin kilo 1 ana buƙatar soya sos cokali 5 ko 6 na cin abinci, khal kwatankwacin haka, ruwa kofi 1, tafarnuwa dunƙule guda da aka ɓare aka daddaka sama-sama, masoro ƙaramin cokali ba tare da an niƙa ba, sai busasshen ganyen bey guda 3, irin wanda ake sa wa shinkafar biki. Ana yayyanka kazar, a jiƙa ta cikin soya sos da tafarnuwa na awa ɗaya. Sai a ɗora tukunya da ɗan mai, a soya naman sama-sama har fatar ta yi ja, a juye ruwan jiƙon a kai, a zuba ruwa da masoro da ganye, a ƙarshe a kawo khal.

Nan ne uwayen gida na Filifin ke da wata ƙa'ida da suke koya wa 'ya'yansu: idan an zuba khal, ba a sa ludayi sai ya tafasa na 'yan mintuna tukunya a buɗe. Da farko tururin da ke tashi yana da kaifi, har yakan sa mai girki ya kawar da kai. Can sai kaifin ya kwanta, ƙamshin tafarnuwa ya biyo baya. Lokacin ne ake rage wuta, a rufe, a bar shi yana ɓararraka a hankali. Kazar gidan gona takan nuna cikin minti 30 zuwa 40. Kazar Hausa kuwa, da yake namanta ya fi tauri, tana iya cin fiye da awa ɗaya, kuma sai an riƙa ƙara ruwa. A gaskiya ita ta fi dacewa da wannan girki, domin tsami yana sassauta jijiya, kuma doguwar dahuwa ba ta dagargaza ta. Alamar an gama ita ce romon ya ragu ya yi kauri, ya koma launin ƙasa mai duhu, mai ya taso samansa yana ƙyalli, nama kuma yana saɓulewa daga ƙashi. Wasu sukan tsame naman su sake soya shi kafin su mayar cikin romon. Da farar shinkafa ake ci, ba mai ba gishiri, saboda romon ya ɗauke wannan nauyi.

Mafi yawan 'yan Filifin Kiristoci ne, kuma naman alade ya yawaita a adobonsu, amma girkin bai dogara da shi ba. Ana yin sa da kaza, da naman sa, da na akuya, har da ganye. A kudancin ƙasar, a tsibirin Mindanao da tsibiran Sulu, akwai al'ummomin Musulmi irin su Maranao da Maguindanao da Tausug, waɗanda suka samu yankin cin gashin kai na Bangsamoro a 2019. Mutanen Maguindanao suna da wani abinci mai suna pastil: a dafa kaza a yayyage ta sili-sili, a soya da albasa da tafarnuwa da soya sos, a ɗora kan shinkafa a naɗe cikin ganyen ayaba. Abincin ɗalibai da 'yan kasuwa ne saboda arha, kuma wanda ya san dambun nama ba zai ga baƙon abu ba.

Naman sa yana da nasa girkin, bistek. Ana yanka tsoka fale-fale, a jiƙa ta cikin soya sos da ruwan kalamansi, wani ɗan ƙaramin lemun tsami na ƙasarsu, da masoro. A soya da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, a zuba ruwan jiƙon ya ɗan tafasa, sannan a lulluɓe da albasa mai yawa da aka yanka zobe-zobe, wadda ba a bari ta narke. Lemun tsamin kasuwa yana maye gurbin kalamansi, musamman in an ɗiga masa ruwan lemun zaƙi kaɗan.

Kifi kuwa abincin yau da kullum ne a wurinsu. Karfasa, wadda asalinta kifin Afirka ce aka kai ta can a ƙarni na 20, yanzu tana cikin kifayen da suka fi kiwo. Sukan soya ta ko su gasa, su ajiye ɗan kwano na soya sos da ruwan kalamansi da yankakken barkono ana dangwala. Tarwaɗa kuma adobo suke yi da ita, tare da citta don kashe ƙarni. Ana wanke ta da gishiri da lemun tsami ko ruwan zafi har yauƙin ya fita, a gutsuttsura, a ɗan soya don kada ta farfashe, sannan a jera ta cikin tukunya a zuba haɗin. Minti 15 zuwa 20 sun isa, kuma ba a juya ta da ludayi, girgiza tukunyar ake yi. Wannan zai yi daidai da kifin da masunta ke kamawa a madatsar ruwa ta Mairuwa, da wanda masu kiwo ke fitarwa daga tafkunansu.

Babban amfanin wannan salon girki ga gidajen karkara shi ne jure ajiya. Tsami da gishiri suna hana ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa, shi ya sa 'yan Filifin ke ɗaukar adobo guzurin tafiya, kuma suna ganin na kwana ya fi na ranar daɗi. A garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma firji ba kowane gida ba, wannan hanya ce da za ta ƙaru a kan suya da banda da kilishi, musamman lokacin layya da nama ke yawa. Sai dai ajiyar tana da iyaka. Ba kilishi ba ne. A lokacin zafi dole a tafasa shi sosai safe da yamma, a cinye cikin kwana ɗaya ko biyu, na kifi kuma kada ya wuce ranar. Tukunyar ƙasa ta fi dacewa, kuma da ita kakannin 'yan Filifin suke yi. Tukunyar dalma tana iya dafawa, amma bai kamata abinci mai tsami ya kwana a cikinta ba.

Maganar gishiri tana buƙatar kulawa ta musamman. Cokalin cin abinci ɗaya na soya sos yana ɗauke da gishiri kusan giram 2 da rabi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a yini. Saboda haka tukunyar da aka sa wa soya sos ba ta buƙatar gishiri, ba ta buƙatar dunƙulen magi. Haɗa su ukun, kamar yadda hannu ya saba, zalunci ne ga masu hawan jini da ke cikin gidan. Wajen saye kuma a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma nemi mai tambarin halal, domin wasu nau'o'in da aka daɗe ana tsimawa suna ɗauke da ɗan burbushin barasa.

Ban da soya sos da ganyen bey, waɗanda sai an leƙa manyan shaguna a Funtuwa ko Katsina ko Zariya, yawancin kayan suna nan a kasuwannin yankin: tafarnuwa, albasa, citta, masoro, lemun tsami. Inda khal ya yi wuya, jiƙaƙƙiyar tsamiya tana ba da tsami mai daɗi, ko da yake abincin ba zai jure ajiya kamar na khal ba. Inda soya sos ɗin ne babu, daddawar waken suya da aka daka aka jiƙa a ruwan ɗumi da gishiri tana kawo ɗanɗanon da ya kusanci nasa, sai dai launin ba zai yi duhu ba, ƙamshin kuma na daddawa ne. Awara ma tana karɓar wannan romo: a Filifin ana soya irinta, wadda suke kira tokwa, a jefa cikin adobo minti 10 kafin a sauke, kuma hakan na rage yawan naman da tukunyar ke buƙata.