Gyaran murhun gawayi kafin ya jawo gobara

A zagayen da muke yi gidajen haya na Adjamé da Treichville, kusan kowane tsakar gida muna tarar da murhun gawayi, wanda wasu ke kira kurfoti, gindinsa ya huje ko ƙafarsa na rawa. A gidan da iyalai da yawa ke girki a fili ɗaya, yara na wasa a tsakani, irin wannan murhu haɗari ne ga kowa. Wanda ya daɗe a Abijan ya san yadda wuta ta cinye babbar kasuwar Treichville a 1997. Shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana yadda ake gyaransa a gida.

Murhu na saurin mutuwa a nan saboda laima. Garin yana bakin teku da tafkin Ebrié, ga ruwan sama mai yawa daga Mayu zuwa Yuli. Toka kuma idan ta jiƙe, cin ƙarfe take yi. Mai barin toka ta kwana a murhu, a waje, shi ke kiran tsatsa da kansa.

Da farko mu bari murhun ya huce sarai, mu zubar da toka, mu kankare tsatsa da burushin waya ko dutse. Sannan mu duba wuri uku: ragar da gawayi ke zama a kai, kwanon da ke riƙe da ita, da ƙafafu.

Idan raga ce ta cinye, garwashi zai riƙa zubowa ƙasa. Masu walda da maƙera na Adjamé suna yanka guntayen rodi su jera sabuwa daidai da faɗin murhun. A bar 'yar tazara tsakanin rodin, yadda toka za ta sauka, iska ta hau, amma gawayi ba zai faɗa ba.

Idan ƙaramin rami ne a jikin kwanon, a yanko baƙin ƙarfe da ya fi ramin faɗi, a ɗora daga ciki, a huda gefe-gefe a ɗaure da waya mai kauri. Kada a yi amfani da farin kwanon rufi, don abin da aka shafe shi da shi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ya ji wuta. Haka ma gwangwanin fenti ko durom ɗin da aka taɓa zuba maganin ƙwari.

Bayan faci, a kwaɓa yumɓu da yashi da 'yar toka, a shafe cikin kwanon, kaurin yatsa biyu, ba tare da an toshe raga ba. A bar shi ya bushe a inuwa na wasu kwanaki, wutar farko kuma ta zama kaɗan don kada ya tsage. Yumɓun yana riƙe zafi, gawayi ya fi daɗewa.

Ƙafa mai rawa ba a tokare ta da dutse. A kai wa mai walda, musamman masu suyar kifin garba da ke ɗora kaskon mai. Idan kuwa yatsa na iya huda ƙarfen, murhun ya gama aiki, sai a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Ko an gyara murhu, ba a shiga da shi ɗaki don gudun ruwa. Garwashi na fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, tana kuma kashe mutum cikin barci. Kada kuma a hura wuta da fetur.

Idan wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ban da manja. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a nufi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin CHU na Treichville. Lambar 'yan kwana-kwana ita ce 180, ta motar gaggawa ta SAMU kuma 185. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda. Allah Ya tsare mu.