Labarin Hitchcock, Baturen da Ya Mai da Zato Sana'a

Ya malamai da 'yan kasuwa, yau za mu taɓa zancen silima, ko da yake mun san yawancinku ba ku zuwa. Dalili kuwa, akwai wani Bature wanda wasanninsa suka ta'allaƙa kan abubuwan da kuka fi kowa sani, watau shaida da zato da amana.

Sunansa Alfred Hitchcock. An haife shi a gefen birnin Landan cikin 1899, ya rasu a Amurka cikin 1980. Ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan lambu. Shi da bakinsa ya sha faɗi cewa yana ɗan yaro ubansa ya aike shi wurin 'yan sanda da takarda, suka karanta, suka kulle shi na 'yan mintoci don horo. Ya ce tun ran nan tsoronsu bai bar shi ba.

A ganinmu mafificin wasanninsa shi ne The Wrong Man na 1956, watau "ba shi ba ne", ko da yake masanan Turawa sun fi ɗaukaka Vertigo na 1958. Labarin gaskiya ne da ya auku a birnin New York cikin 1953. Wani makaɗi mai iyali ya tafi ofishin inshora neman rance don a yi wa matarsa maganin haƙori. Matan da ke aiki a nan suka dube shi, suka ce ai wannan ne ya yi musu fashi kwanan baya. Aka kama shi, aka yi ta kai shi kantuna ana nuna shi, masu kanti suka ce shi ne. Waɗanda za su shaida cewa yana wani gari ran da aka yi fashin, aka tarar biyu sun riga mu gidan gaskiya. Matarsa ta ɗora wa kanta laifi har hankalinta ya taɓu. Sai da aka kama ɓarawon na ainihi yana wani fashin, sa'an nan aka ga kama ce kurum ta haɗa su. Shaidun nan ba su yi nufin ƙarya ba, sun gaskata idonsu ne. Lalle duk alƙalin da ya kalli wannan zai ƙara taka tsantsan kafin ya karɓi "na gane fuskarsa".

Psycho na 1960 kuwa na 'yan kasuwa ne. Maigida ya ba ma'aikaciyarsa dala 40,000 ta kai banki, ta gudu da su. Hitchcock ya bar mai kallo tare da ita cikin mota, ɗan sanda na bin ta, zuciyarta na raya mata abin da ake faɗi a bayanta. Da dare ta yi nadama, ta ƙudura mayar da amana gobe, amma ajali ya riske ta a masauki kafin gari ya waye. Sai dai mu gargaɗe ku, wannan ba na yara ba ne.

Wanda ya fi ba mu wuyar hukunci shi ne Rear Window na 1954. Mai ɗaukar hoto ya karye a ƙafa, yana zaune bakin taga dare da rana yana leƙen maƙwabta, har ya zaci ɗayansu ya kashe matarsa. Malamai sun san Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. To, ga shi zaton nasa ya zama gaskiya, aka kama mai kisan. Shin ya yi daidai ke nan? Hitchcock bai ba da fatawa ba. Abin da ya nuna kawai, mai kisan ya hango mai leƙensa, ya hau har ɗakinsa ya jefo shi ta tagar, aka ƙare wasa ƙafafunsa biyu duka a ɗaure.