Yoga: Karkiyar da Ake Ɗaura wa Jiki da Tunani

Kalmar yoga ta fito ne daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kuma tushenta na nufin ɗaura karkiya, itacen nan da ake haɗa wuyan shanu biyu da shi don su ja garma tare. Ɗalibin da ya tashi a Kanya ko wani gari na ƙasar Zuru ya san yadda huɗa ke karkacewa idan sa ɗaya ya nufi gabas, ɗayan ya nufi yamma. Masu yoga na cewa haka jiki da tunani suke: kana zaune a aji, amma hankalinka yana kasuwa.

Yawancinmu a hotunan Facebook muka san yoga, inda ake ganin mutum ya naɗe ƙafa a bayan wuya kamar ba shi da ƙashi. Wannan ɗan yanki ne kawai. Littafin da wani malamin Indiya, Patanjali, ya tattara fiye da shekara 1,500 da suka wuce yana da gajerun zantuka kusan 200, amma uku kacal ne suka yi bayanin yadda za a ajiye jiki. Mafi yawansu kan kwantar da tunani suke, har mutum ya ga abin da ke kai-komo a ransa.

Ƙofar shiga ita ce numfashi. Mutumin da ke hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan tsoro ya kama shi, misali ranar da aka raba takardar lissafi ta WAEC, sai numfashin ya gajarta, gaba ya riƙa faɗuwa, abin da aka haddace ya gudu. Fitar da iska a hankali yana motsa wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki, ita kuma ta rage gudun zuciya. Ku gwada: ku zauna a tabarma, baya a miƙe, ku shaƙi iska ta hanci kuna ƙirga huɗu, ku sake ta kuna ƙirga shida, na minti biyar.

Tun kafin minti ɗaya ya cika hankali zai tsere. Kada ku ji haushi, a nan amfanin yake. Ku lura da inda ya tafi, sannan ku dawo da shi. Kuɗin makaranta ya nufa? Ko maganar da wani ya yaɓa muku jiya? Wanda ya yi mako biyu yana wannan lura zai gane ainihin abin da ke cin ransa, wataƙila ma ba abin da yake zato ba ne.

A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikin a 2015. Sai dai mun san tambayar da iyaye za su yi, kuma tana bisa hanya, domin yoga ta taso ne cikin addinin Hindu. A 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yin ta. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda ake haɗawa da wuridin Hindu, ta bar ta motsa jiki zalla. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasanni a 2017. A ganinmu, numfashi da miƙa gaɓoɓi sun ishi ɗalibi, ba sai ya furta kalmar da bai san ma'anarta ba. Mai shakka ya tambayi malaminsa ko fastonsa.

Horar da jiki don a gina hali ba baƙon abu ba ne a Zuru. Samarin Dakarkari sun daɗe da sanin golmo, inda saurayi kan shafe shekara bakwai yana noma a gonar surukai, a ga iyakar juriyarsa. Amma golmo a idon jama'a ake yin sa, wannan kuwa ba mai gani sai kai.

Yankin Danko-Wasagu ya sha fama da 'yan bindiga, kuma akwai ɗaliban da barci ke gagara saboda abin da suka gani ko suka ji. Numfashin zai iya sassauta daren, amma ba zai warkar da irin wannan firgici ba. Idan mugun mafarki ko faɗuwar gaba sun ɗauki makonni, a gaya wa iyaye ko malamin da aka yarda da shi, a je asibiti.