Saurayin da ya hana ruwa gudu daga gonar ubansa

A wani ƙauye na ƙasar Illela, cikin jihar Tawa, akwai wani saurayi mai shekara ashirin. Da aka gama girbi, abokansa suka ɗaura kaya, suka tafi cin rani Abijan. Shi kuwa ya zauna gida. Ya ɗauki hauya da diga, ya nufi wani fako da ubansa ya bari tun da daɗewa.

Manoma kun san fako. Ƙasa ce mai tauri kamar dutse. In an yi ruwa, ba ya shiga. Sai ya gudu ya faɗa ƙorama, ya kwashe taki ya tafi da shi. Uban yaron ya so ya saida wurin don ya sayi hatsi. Yaron ya roƙe shi ya ba shi damana guda.

Aikin da ya yi shi ne tassa. A shekara ta 1989 waɗansu manoman Illela suka je Yatenga, ƙasar Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara fako da ramu. Da suka komo suka gwada, maƙwabta suka gani, suka ɗauka.

Ga yadda yake yi. Tun da rani yake gina rami, faɗi kamar santimita 30, zurfi kamar santimita 20. Tsakanin rami da rami taku guda. Ƙasar da ya fidda, sai ya tara ta a gefen gangare, don ta tare ruwa. Kowane rami ya zuba masa taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Takin nan yana kiran gara. Gara kuwa, wadda kowa ke zagi, nan ita ce ɗan ƙodago: tana huda ƙasa, ruwa ya bi hanyoyinta ya sauka ƙasa. In an yi ruwan shuka, ya sa iri cikin ramin.

Aikin da wuya. Hannunsa ya yi kanta, mutane suka yi ta yi masa dariya. Taki ma bai ishe shi ba, sai da ya shirya da wani makiyayi ya kwana da shanunsa a wurin, shi kuma ya ba shi kara.

Da damana ta faɗi, aka yi kwanaki babu ruwa. Shukar gonaki da yawa ta yi yaushi. Tasa tana nan kore, don ramu sun riƙe laima. Uban ya zo ya duba, ya fasa maganar saidawa.

Amma a lura: tassa ba ta jigawa ba ce. Cikin rairayi ramin rushewa yake yi. Bana yaron ya soma gina rabin wata a sauran fakon, don ciyawar awakin uwarsa.