Dusar etanol: Yadda aikin masana'anta ke ƙara mata daraja ko ya rage ta

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masarar da Amurka ke nomawa a kowace shekara yana ƙarewa ne a masana'antun etanol, wato sinadarin da ake gaurayawa da man fetur domin zubawa a mota. Akwai irin waɗannan masana'antu kusan 200 a ƙasar, akasarinsu a jihohin noman masara kamar Iowa da Nebraska da Illinois da Minnesota. Sun yawaita ne bayan dokar makamashi ta 2005, wadda ta wajabta gauraya fetur da man da aka samo daga amfanin gona, da kuma ta 2007 da ta faɗaɗa wannan wajibci.

Sai dai ba dukkan masarar ce ke komawa mai ba. A cikin buhu mai kilo 100, ana samun etanol kamar lita 42, wani kaso ya tashi a matsayin iskar kabon, sannan a bar kimanin kilo 30 na dusa. Wannan dusa, wadda ake kira DDGS a kasuwar duniya idan an busar da ita, ta zama babbar haja. Amurka na samar da sama da tan miliyan 30 a shekara, tana kuma fitar da sama da tan miliyan 10 zuwa ƙasashe irin su Meziko da Koriya ta Kudu da Biyetnam da Indunusiya da Turkiyya. A Afirka ma, Masar da Maroko na saye domin kaji da shanun madara.

Abin da ke wahalar da masu saye shi ne dusar etanol suna ta tara. Buhu biyu masu ɗauke da suna ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen abin da za su ƙara wa dabba, kuma mafi yawan wannan bambanci a cikin masana'anta yake samo asali.

Yadda ake samun dusar

Kusan kashi 90 cikin 100 na masana'antun Amurka na bin hanya ɗaya. Ana niƙa masara gaba ɗayanta, a dama garin da ruwa, a dafa, a zuba wasu sinadarai da ke mayar da sitaci ya koma sukari. Daga nan sai a sa yis, a bar haɗin ya tsimu tsawon kwana biyu zuwa uku, yis ɗin yana cin sukarin yana fitar da etanol. Bayan haka ana tura haɗin cikin wasu dogayen tukwanen ƙarfe masu zafi, inda etanol ke tashi a matsayin tururi a tare shi. Da yake etanol ɗin shi ne kuɗin masana'anta, ana tsame shi ne ƙaf, abin da ya rage ba ya bugarwa.

Ragowar wani kunu ne mai kauri. Ana zuba shi a injin da ke wulwula shi da ƙarfi har ya rabu gida biyu: dusa mai danshi a gefe guda, tsararon ruwa a ɗaya gefen. Ruwan ana ƙafar da shi har ya yi kauri kamar maɗi, sannan a mayar da shi kan dusar. Daga nan masana'anta na da zaɓi: ta sayar da ita ɗanya, da ruwa kashi 65 zuwa 70 cikin 100 a jikinta, ko ta ɗan sha iska zuwa rabi, ko kuma a busar da ita sarai har danshinta ya sauka zuwa kashi 10 ko 12.

Komai ya ninka uku

Kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayar masara sitaci ne. Da zarar yis ya cinye shi, duk abin da ya saura sai ya taru a cikin kaso ɗaya na ukun da ya rage. Don haka furotin da yake kashi 8 zuwa 9 cikin 100 a masara yakan kai 27 zuwa 30 a dusar. Mai da yake kusan kashi 4 yakan kai 10 zuwa 12. Haka nan sinadarin fosfaras, mai gina ƙashi, yakan tashi daga kusan 0.3 zuwa 0.8. Gawar yis ɗin da ta rage a ciki ita ma tana ƙara furotin da bitamin.

Tsimuwar na da wani alheri na daban. Yawancin fosfaras da ke cikin masara a ɗaure yake ta yadda cikin kaza ba ya iya amfana da shi. Aikin yis da zafi na kwance wani kaso mai yawa daga ciki, abin da ke rage wa mai haɗa abincin kaji kuɗin sayen fosfaras na kanti.

Amma ninkin bai tsaya ga alheri kawai ba. Ɓawon ƙwaya, wanda kaji ba sa narkar da shi sosai, shi ma ya ninka uku. Mafi haɗari kuma, gubar da fumfuna ke bari a jikin hatsi, kamar afalatoksin, ba ta mutuwa da tsimi ko da zafin busarwa. Idan masara ta shigo da guba kaɗan, dusarta za ta fita da kusan ninki uku. An ga haka a Amurka bayan girbin 2009, lokacin da yawan ruwa da sanyi suka sa fumfuna ta kama masara a jihohi irin su Indiana da Ohio, har masu kiwo da dama suka rage amfani da dusar yankin.

Wutar busarwa

Matakin da ya fi tasiri ga darajar dusar a wajen masu kiwon kaji shi ne busarwa. Ana yin ta ne a cikin manyan ganguna masu juyawa da iska mai tsananin zafi ke ratsawa. Idan wutar ta yi yawa, ko dusar ta daɗe a ciki, ko aka labta mata ruwan nan mai kama da maɗi fiye da kima, sai sauran sukarin da ke jikinta ya manne da furotin. Wannan shi ne sauyin da ke sa bayan burodi ya yi ja, ƙanzo ya yi duhu a gindin tukunya. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ne ya fara bayyana shi a 1912.

Ɓangaren furotin da wannan ƙuna ta fi yi wa illa shi ne laisin, wanda kaza ba ta iya haɗa shi a jikinta, dole sai ta same shi a abinci. Masara daman ba ta da shi da yawa. Dusar etanol kan ƙunshi laisin ƙasa da kashi 1 cikin 100, alhali tunkuzar waken suya na da kusan kashi 3. Idan wuta ta ci wani kaso na wannan ɗan kaɗan ɗin, gwajin furotin na yau da kullum zai ci gaba da nuna 28 ko 29, amma kajin nama ba za su yi girman da ya dace ba, na ƙwai kuma ƙwansu zai ƙanƙance. Mai gona zai ɗora laifin kan cuta ko yanayi, alhali matsalar tun daga gangar busarwa take.

Shi ya sa ƙwararrun masu saye ke fara duba launi da ƙanshi. Dusa mai ruwan zinari, mai ɗan ƙanshin tsami mai daɗi, alama ce ta an busar da ita da hankali. Wadda ta yi duhu kamar garin kofi, tana ƙaurin hayaƙi, ta fi dacewa da shanu fiye da kaji. Launi dai manuniya ce kawai, domin dusar da aka samu daga jar dawa ko alkama tana da duhu ko da ba ta ƙone ba.

Man da ake tsamewa

Daga wajajen 2011, masana'antun Amurka suka gano wata sabuwar hanyar samun kuɗi. Suka fara tace mai daga ruwan nan mai kauri kafin a mayar da shi kan dusa, suna sayar wa masu yin dizal daga amfanin gona. A yau mafi yawan masana'antun na yin haka. Sakamakon shi ne man da ke cikin dusar ya sauka daga kashi 10 zuwa 12 ya koma tsakanin 5 da 9 a wurare da dama.

Mai ya fi sitaci ba da kuzari fiye da ninki biyu, don haka rage shi na nufin rage ƙarfin abincin, musamman ga kaji. Duk wanda ke haɗa abinci da lissafin tsohon littafi da aka buga kafin wannan sauyi, yana ƙiyasta wa dusar kuzarin da ba ta da shi yanzu. Ga shanun madara kuwa, ragin na iya zama alheri, domin yawan man masara a tumbin saniya na rage maiƙon nononta.

Wasu masana'antu sun wuce nan. Suna ware ɓawo da yis dabam, su fitar da wani gari mai furotin kashi 40 zuwa 50 domin kaji da kifi, su bar dusa mai yawan ɓawo ga shanu. Burazil, wadda ta fara buɗe masana'antar etanol ta masara zalla a jihar Mato Grosso a 2017, ta shigo kasuwar da nata nau'o'in.

Haɗarin da ke ɓoye ga shanu da tumaki

Dabbobi masu tuƙa sun fi kowa cin moriyar dusar etanol, domin tumbinsu na narkar da ɓawo ya mayar da shi kuzari. Binciken da aka daɗe ana yi a Jami'ar Nebraska ya nuna cewa idan aka cire lissafin ruwa, ɗanyar dusa ta fi masara sa shanun kiwo ƙiba, kuma ta fi busasshiya. Matsalarta ita ce ba ta jimirin ajiya. A lokacin zafi ba ta wuce mako guda sai ta fara fumfuna, ga shi kuma kashi biyu cikin uku na kayan da mota ta ɗauko ruwa ne. Don haka sai makiyayan da ke kusa da masana'anta ke amfana da ita.

Akwai abubuwa biyu da ke iya halaka dabba. Na farko farar wuta, wato salfa. Masana'antu na amfani da asid mai ɗauke da ita domin daidaita tsamin haɗin da kuma wanke bututu, ita kuma tana taruwa a cikin ruwan da ake mayarwa kan dusa. Yawanta kan tashi daga kashi 0.4 har ya haura 1 cikin 100, gwargwadon masana'anta, wani lokaci ma gwargwadon ranar da aka yi lodi. Shanun da ake turkewa a kan hatsi ba a son salfa ta wuce 0.3 zuwa 0.4 a jimillar abincinsu. Idan ta wuce, ƙwayoyin halittar da ke tumbi na mayar da ita iska mai guba da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Dabba sai ta makance, ta riƙa tangaɗi tana tokare kai da bango, wata ta faɗi ta mutu. Haɗarin na ƙaruwa inda ruwan rijiyar da dabbobin ke sha shi ma yake da salfa, yana kuma raguwa idan ana ba su ciyawa ko harawa isasshiya.

Na biyu shi ne rashin daidaito tsakanin fosfaras da kalsiyam. Dusar na da na farko da yawa, na biyun kuwa kusan babu. Ragon da aka ɗora a kanta ba tare da gyara ba yana iya samun tsakuwa a mafitsara, fitsari ya toshe, wanda masu kiwon ragunan layya sun san asarar da ke cikinsa. Maganin mai sauƙi ne: a ƙara garin dutsen farar ƙasa irin na haɗa abincin dabbobi, har kalsiyam ya kusa ninka fosfaras sau biyu.

Saboda waɗannan dalilai masana ke sa iyaka. Ga shanun madara, kimanin kashi 20 cikin 100 na busasshen abinci. Ga shanun kiwo, 20 zuwa 40. Ga kajin ƙwai, 10 zuwa 15, inda take ƙara wa kwaiduwa launi idan daga jar masara aka samo ta. Ga 'yan tsaki kuwa, ba a cika wuce 6 ba.

Abin lura ga Najeriya

Abinci ne ke cin kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da mai kiwon kaji ke kashewa a Najeriya, kuma masara da waken suya ne ƙashin bayansa. Duk lokacin da farashinsu ya tashi a Dawanau, sai masu gonaki su shiga neman madadi. Tun a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar gauraya fetur da etanol kashi 10 cikin 100, inda aka fi mayar da hankali kan rogo da rake.

A nan akwai bambancin da ya kamata masu tsara manufa da masu zuba jari su riƙe. Darajar dusa tana bin abin da aka zuba a tukunya ne tun farko. Saiwar rogo ba ta da furotin sai kashi 2 zuwa 3 cikin 100, don haka ragowarta ba za ta maye gurbin waken suya ba. Rake kuwa ba ya barin dusa irin wannan. Masara da dawa ne ke ba da dusa mai furotin, su ne kuma abincin jama'a a Arewa. Duk lissafin ribar masana'antar etanol da bai sa wannan a ma'auni ba, bai cika ba.

Ga ɗan kasuwar da aka yi wa tayin dusar etanol, ko ta gida ko ta waje, tambayoyin da zai yi kafin ya biya a bayyane suke: daga wane hatsi aka samo ta, wace masana'anta ce ta yi ta, nawa ne danshinta, nawa ne manta, an gwada laisin da salfa da gubar fumfuna ko ba a gwada ba. Manyan masu saye a Meziko da Koriya ta Kudu kan manne wa masana'antun da suka sani, su nemi takardar gwaji a kan kowane lodi, sannan su ɗebi samfuri su sake gwadawa idan kayan sun iso. Kuɗin gwajin ɗaki ɗaya bai kai asarar ƙwan mako guda a gonar kaji dubu biyar ba.