A-kori-kura da Giyar Ƙafa Huɗu: Ƙarar Lafiya da Ƙarar Ciwo

Jama'ar zango, ga hunturu ya ƙaraso. Mun lura 'yan'uwanmu da yawa a nan Greensboro sun mallaki a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, amma kaɗan ne suka san abin da ƙaramin maɓallin nan na 2H, 4H da 4L ya ke yi. Ba a tuna shi sai ranar da ƙanƙara ta sauko, kamar ran 9 ga Disamba 2018 da dusa ta zuba fiye da inci 10 a garin nan, sa'an nan kowa ya murɗa shi da ƙarfi, mota ta yi gurnani, hankali ya tashi.

Dattawanmu da suka ga Land Rover ta rangadi sun san abin. Ita tana da sanda mai jan kai da wata mai rawayan kai. Ta yau maɓalli ce, amma aikin ɗaya ne. Bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya wanda ke raba ƙarfin inji. A 2H ƙafafun baya kaɗai ke turi. A 4H akwatin ya kan ƙulle farfelar gaba da ta baya su juya tare. A 4L kuwa ya ƙara rage gudu wajen ninki biyu da rabi, ƙarfi ya ƙaru gwargwadon haka.

Shiga 4H ba wuya. Galibin motoci sun yarda a yi shi ana tafiya, muddin ba a kai mil 55 ko 60 a sa'a ba, a ɗan ɗaga ƙafa daga totur. 4L ita ce mai sharaɗi. Lalle a tsaya, ko a bar mota tana rarrafe ƙasa da mil 3 a sa'a, a sa giya a firi, kana a murɗa, a jira fitila ta daina ƙyaftawa. In an ji ƙwas sau ɗaya, ba kome, haƙoran giya ne suka haɗu. In kuwa an ji ƙurrr kamar injin markaɗe, to, an yi garaje ke nan. A fita ma haka za a yi.

Babban kuskuren da mu ke gani shi ne barin mota a 4H bayan titi ya bushe. A nan ba kamar jihohin arewa ba ne, kwana biyu rana ta narkar da Wendover da Battleground sarai, saura unguwanni masu inuwa. To, in mota ta sha kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya cin nisa. Cikin taɓo ko jar lakar nan ta ƙasar Piedmont taya ya kan ɗan zame, bambancin ya tafi. A busasshiyar kwalta ba wurin zamewa, sai ƙarafa su ɗaure, sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle tana kuka wajen fakin. Mun ga wani ɗan'uwa, ba ma faɗi sunansa ba, ya yi mako guda haka zuwa aiki, kuɗin gyaran ya cinye abin da ya tara na zuwa gida. Wanda giyarsa ta ƙi komawa 2H, ya yi ribas 'yan taku kaɗan a miƙe, ta kan saki. Motocin da ke da 4A su ne aka yi wa rangwame, gama wani kuloci ke daidaita musu.

Akwai ƙarar da ba ta son jinkiri. Ƙas-ƙas-ƙas a kan kwana, yawanci gaɓar sandar da ke juya ƙafar gaba ce ta ci. Bugu kamar ana harbin ƙasan mota yayin da aka taka totur a 4H, sau da yawa sarƙar cikin akwatin ce ta saki. Masu F-150 irin ta 2004 da wasu shekaru bayanta, in kun ji gurzo a gaba kuna 2H, kuka sa 4H ya ɗauke, ku gaya wa makaniki haka daidai, domin iskar da ke riƙe maƙullin ƙafar gaba ce ke yoyo. Taya huɗu kuma su zama girma ɗaya.

Littafin Toyota ya ce a tuƙa mota a ƙafa huɗu wajen mil 10 kowane wata don mai ya zagaya. A nemi hanyar tsakuwa a bayan gari.

Abu ɗaya kuma, 'yan'uwa. Ƙafa huɗu tashi ta ke taimako, ba ta ƙara wa birki kome. Ruwan da ke daskarewa a kan titi, irin na Disamba 2002 da ya kakkarya itatuwa ya kashe wuta kwana da kwanaki, shi ya fi yi mana ɓarna a nan, kuma gadojin I-40 su ke fara daskarewa kafin sauran hanya. Mai aikin asuba ya rage gudu tun kafin ya hau su.