Borin Biyetnam ya shiga kundin UNESCO, na Zazzau fa?

A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya bautar iyayengiji mata ta ƙasar Biyetnam cikin al'adun gado na duniya. Jigon bautar shi ne len dong: makaɗa na kiɗa, iska ya hau mutum, a sauya masa tufafi daidai da wanda ya hau, ya taka rawa, ya raba wa 'yan kallo kuɗi. Bahaushe na gani zai ce bori ne. Gwamnatin gurguzu ta daɗe tana hana shi da sunan camfi, sai bayan sauye-sauyen 1986 ta sassauta. Yau bikin Phu Day yana tara masu ibada da 'yan yawon buɗe ido, masu masauki da masu abinci na samun ciniki.

A nan Zazzau, daga Samaru ana hango Dutsen Kufena, wanda mutanen zamanin da suka ɗauka mazaunin iskoki ne. Borin Hausa kuwa duniya ce guda: ga Ɗan Galadima, ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya, ga Sarkin Rafi, ga Inna, ga Malam Alhaji, kowanne da kirarinsa da shigarsa da takensa a garaya ko goge. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta saurara a Giwa, ta ba da labarin yadda matan ƙasar nan ke hawa a littafin da ya fito a 1954.

Amma baƙon da ya sauka Sabon Gari ya ce a nuna masa al'ada, Hawan Sallah da Hawan Daushe za a ambata masa. Dalilin a fili yake: malamai sun ce bori shirka ne, kuma babu mai shirya wa iskoki biki a gindin Kufena. Ni ma ban nema ba. Ko a Biyetnam ɗin ana ƙorafin len dong ya koma kasuwanci tun da ya hau dandamali.

Kiɗan ne abin ji. Maroko, ƙasar Musulmi, ta fito da kiɗan Gnawa daga zaman iskoki, tana yi masa biki a Essaouira tun 1998. Mu kuwa masu garayarmu na tsufa, 'ya'yansu na kunyar gado. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen harsunan Afirka da na wasan kwaikwayo. Naɗar taken kowane iska da kirarinsa daga bakin tsofaffin nan bai fi ƙarfinsu ba.